Zafin da Ya Rasa Mafita

Litinin, da hantsi

Shekarun baya, tun kafin Auta ta sa kakin soja, mai askin da ke jikin shagona ya taɓa ce mini wai yaƙin sararin samaniya ba a jin ƙararsa, kuma masu yin sa ba sa ganin juna har a tashi. Wai sai a harbo maka abu yau ya iso bayan an yi sabon wata, kana zaune kana kallonsa yana tahowa. Na ce masa ya kula da kunnena, ya bar sama ga masu ita. Ni kakata ce ta raine ni, kuma a bakinta ba a yaƙi sai da ganga da kirari: jarumi ya tsaya ya faɗi sunan ubansa, abokin gaba ya faɗi nasa, sannan a gwabza. Yaƙin da babu ihu, babu wanda ya ga ƙwayar idon wani, na ce wannan ai lissafi ne.

Jiya da yamma an kira surukina Dogo daga ofishin iyalan soja. Kumbon da matarsa take ciki, wato Autata, wai "ya haɗu da abokan gaba". Haka suka faɗa, kamar an yi kiciɓis a kasuwa. Kowa yana raye. An ɗan taɓa fukafukai.

Tsohuwa, wato matata, ta ce na ishe ta da zagaye a falo, in nemi takarda in yi mata surutun. Ga shi na nema.

Litinin, bayan la'asar

Na buɗe shago don kada a yi ta tambaya. An kawo firji mai ƙofa biyu, matar ta ce ya daina sanyi. Ina juya shi na ga ragar bayansa ta yi gashi da ƙura. Na goge, na jona, ya ɗauka.

Abu na farko da na koya wa Auta ke nan, tana 'yar ƙarama tana riƙe mini tocila. Firji ba ya yin sanyi. Zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar ta baya, ta wannan baƙar ragar da mutane ke mannawa da bango. Ka toshe bayan, ka kashe shi.

A kumbo, ragar ita ce fukafukan. Ita ba ta ce musu fukafukai, lagireto take cewa, kamar na mota. Ta taɓa zana mini su a kan kwali a nan kan bencina. Ta ce, "Baba, mutane gani suke sanyi ne ke kashe mu a can. Babu iskar da za ta ɗauke zafi. Na injin, na fitila, na jikinmu, duk yana nan tare da mu sai mun shanya shi a waje kamar wanki." Aikinta ke nan a kumbon, shanya zafi.

Tsohuwa ta tambaye ni mene ne fukafukan. Na ce mata kamar a ce an ƙuje wa mota fenti.

Laraba, da azahar

Mun je ofishin, ni da Dogo. Ɗaki mai kujerun roba a jere, da na'urar sanyaya ɗaki wadda tun daga ƙofa na ji fankarta tana gogar wani abu. Iyalai sun cika. Wani jami'i mai tabarau, yaro ne mai ladabi, ya tsaya gaban allo yana bayani a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ba su ga kumbon da ya harbe su ba. Ɗigo ne kawai mai ɗumi a jikin allo, don a can ba a ɓuya, duk abin da ke da rai zafinsa yana tona shi. Abin da aka harbo ma ba harsashi ba ne irin wanda muka sani. Ɓarɓashin ƙarfe ne kamar tsakuwa, a watsa shi a kan hanyar da za ka bi, gudunka ne zai kai ka gare shi. Sun daɗe da sanin yana nan. Sun kauce wa na farko, sun kauce wa na biyu, kowace kaucewa da man da take sha. Na uku suka duba tanki suka duba hanya, suka zaɓi gefen da ya fi siranta suka bi.

Wata dattijuwa ta ce, "To ɗana, a aika wani kumbon mana ya jawo su." Mai Tabarau ya ce ko yau aka tashi, ba isa wurin ba ne wuya, kamo gudunsu ne. Wani ya tambaya ko namu sun rama. Ya ce sun watsa nasu, amma ba za a san sakamako ba sai nan gaba.

Sai ya faɗi abin da muka zo ji. Alhamis ta sama dole su kunna babban injin su karya kwana zuwa gida. In ba su kunna ba, hanyar da suke kai ba ta lanƙwasowa.

Na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Na ce, "Cikin lagireton, nawa suka rage?" Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Baba, wace sana'a kake yi?" Na gaya masa. Ya ce mu yi magana bayan taro. Bayan taron ban neme shi ba, shi ma bai neme ni ba.

A mota Dogo ya ce, "Baba, me ka gane?" Na ce na gane fankar ofishinsu tana neman gyara.

Alhamis, da safe

Mai aski ya leƙo ya ce, "Mai firji, ya zafi?" Gaisuwa ce kawai, kullum haka yake yi. Na sunkuya na ci gaba da goge ragar da ke gabana.

Asabar, bayan magariba

Yau na yi wauta, kuma gara in rubuta ta kafin Tsohuwa ta ƙara mata gishiri.

An ba kowane mahaifi da kowane miji minti biyu. Na'urar sadarwar kumbon ita ma zafi take haifarwa, saboda haka ɗan lokaci suke kunna ta. Da can a gida nake ɗaukar muryata a waya, in yi ta zuba har batir ya yi ja, Auta ta saurara a lokacin hutunta. Yau ɗan ɗaki suka sa ni mai faɗin banɗaki, da makirufo, da hotonta a gilashi, da fitila koriya. An yi mini bayani sau biyu: maganarka za ta yi kusan rubu'in awa a hanya, tata ma haka. Ka faɗi komai a jere, kada ka jira.

Na ce na gane. Ni da na gane gas da kwamfireso.

Fitila ta kama. Na ce, "Auta, ina wuni?"

Sai na tsaya.

Na san ba za ta amsa ba. Kaina ya sani. Amma bakin nan da ya shekara saba'in bai taɓa wuce gaisuwa ba sai an amsa masa, ya ƙi motsi. Ina kallon hotonta ina jiran ta ce lafiya. Da na farga na ce, "Ya aiki?" na sake tsayawa. Ban san me ya same ni ba. Na fara cewa "Ya mutanen" fitila ta koma ja.

Na zauna a benci rabin awa ina kallon takalmana. Sai aka kira ni. Dariya ta fara yi, irin dariyarta mai fita ta hanci.

"Baba, na ji gaisuwa biyu da rabi, sauran duk numfashinka ne. Lafiya lau. Aiki da godiya. Mutanen ma lafiya, in su kake nufi. Ka ce wa Mama ta rage maka shayi, ina jin ƙirjinka daga nan."

Tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki da na ba ta labari. Ta ce, "Mutumin da in ya fara labarin ɓatan akuya sai ya faro daga auren kakan mai akuyar, yau an ba shi fili ya zama kurma."

Na bar ta ta yi dariyarta. Abin da ban faɗa mata ba: duk saƙon da Auta ta taɓa aikowa, akwai gurnanin fanka a bayan muryarta, ɗan siriri, na san shi kamar yadda na san tarin Tsohuwa. Yau babu.

Lahadi, da hantsi

Babu fanka.

Litinin, da la'asar

Dogo ya kawo labari daga ofishin. Sun kashe fitilu. Sun kashe abin dafa abinci. An ce kowa ya kwanta a inda yake, kada a yi motsi sai dole, don jikin mutum ma fitila ce mai ci. Suna sakin ruwa kaɗan-kaɗan a waje yana tafiya da zafi. Ruwan da suke sha ne.

Yaron nan ya rame. Ya zauna a kan tsohon firiza a shagona, ƙafafunsa har ƙasa, yana juya zoben hannunsa. Ya ce, "Baba, ashe da sun bi ta wancan gefen." Na ce masa ba mu san wancan gefen ba. Ya ce, "Ita ce fa ta ce a buɗe lagireton da wuri. Mai Tabarau ya gaya mini. Sun naɗe su saboda harin, zafi ya yi yawa, ta ce a buɗe." Na ce da ni ne ma haka zan ce. Gaskiya na faɗa masa. Ni na koya mata cewa inji mai zafi ba a ce masa ya yi haƙuri.

Da ya tafi na tsaya ina tunanin wancan ɗigon mai ɗumi. Shi ma akwai wanda yake shanya masa zafi. Wataƙila akwai wani tsoho a wani wuri da aka ce masa an ɗan taɓa fukafukai. A tatsuniyar kakata ana tsanar abokin gaba cikin sauƙi, don yana da kai bakwai. Na gwada tsanar ɗigo, abin bai kama ba.

Talata, da yamma

Gobe akwai minti biyu kuma, na ƙarshe kafin Alhamis. Na ce wannan karon ba za a yi mini dariya ba. Na sa Tsohuwa ta riƙe agogon kicin ina gwaji.

"Fara."

"Auta, ina..."

"Ka faɗi. Sake."

"To ba zan gaishe ta ba ke nan? 'Yata?"

"Ka gaishe ta in ta dawo. Za ka samu wuni guda. Sake."

Muka yi ta yi har ruwan shayinta ya ƙone. Ta ce ban taɓa gama magana a kan lokaci ba sai ranar da na je neman aurenta, shi ma don babanta ya yi gyaran murya ne. A ƙarshe dai na iya. Na tsara komai: kada a kunna injin a ja shi a dogon zango, a ba shi a yanke, a ba shi a yanke. A duba mahaɗar bututu, don a nan yoyo yake ɓuya. Kada a yarda da agogon awo ɗaya.

Tsohuwa ta ajiye agogon ta dube ni. Ta ce, "Wannan za ka faɗa mata?" Na ce eh. Ta ce to.

Laraba, bayan azahar

Na faɗa, ban tsaya ba, har na rage daƙiƙoƙi.

Tsohuwa ta shiga bayana, don wannan karon har iyaye mata an ba su nasu mintin. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, ina jin ta. Ba gaisuwa ba komai. "Auta, labulen ɗakinki na wanke shi ya koɗe, kada ki zo ki yi mini tsiya. Mijinki ba ya cin abinci, ki yi masa magana. 'Yar yayarki ta yi haƙori. Ubanki yana nan yadda kika san shi. Ki sa hannu a kanki, ni ce na dafa." Ta fito tana gyara mayafi kamar wadda ta sayo gishiri.

Amsa ɗaya ta zo mana mu biyu. Muryar a hankali take, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Mama, na sa hannun. Labule kuma za mu yi shari'a. Baba, duk na duba, har mahaɗar. Ba a iya yanka shi, dole a ja shi gaba ɗaya, in an yanke kwanar ta wuce. Amma na ji daɗi da ka faɗa. Kamar ina shago." Na ɗauka ya ƙare. Sai ta ce, "Baba, yau ba ka gaishe ni ba."

Tsohuwa ba ta ce mini komai ba a hanya. Da ta yi tsiya da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, da asuba

Yau ne.

Alhamis, bayan la'asar

Mun wuni a ofishin. Babu abin kallo sai layi biyu a allo, ɗaya na gudu, ɗaya na zafi. Mai Tabarau ya ce duk abin da muke gani ya riga ya faru, labarinsa ne yake isowa. Wata yarinya mai goyo tana ta cewa "ku daure, ku daure", tana yi wa abin da ya wuce magana.

Kowa layin gudu yake kallo. Ni ɗayan nake kallo. Na ga inda ya ɗan kwanta, na ce ta saki ruwa. Na ga ya sake kwantawa, na ce ta saki sauran. Hannunta ne, na gane shi kamar yadda nake gane walda in ita ta yi. Daga nan bai ƙara kwantawa ba.

Injin ya kashe kansa. Layin gudu bai kai jan zanen da aka yi masa ba. Tazarar a allo ba ta fi faɗin yatsana biyu ba.

Babu wanda ya yi ihu. Fankar nan tana ta gogar abin da take goga.

Juma'a, da hantsi

Suna raye. An ce suna raye.

Asabar, da azahar

Yatsa biyu. Na auna a kan benci, na auna a jikin ƙofa.

An kawo firiza na ce a kai wa wani.

Litinin, da yamma

An ce za a kunna na'urar sau ɗaya. Minti biyu ga kowane gida, ba ga kowane mutum ba. A takarda na Dogo ne. Ya zo har gida ya durƙusa ya ce, "Baba, kai za ka shiga." Na ce matarka ce. Ya ce, "'Yarka ce kafin nan." Muka yi ta tura wa juna kamar ragowar nama a kwano, har Tsohuwa ta ce, "Ku tashi ku duka, ɗakin zai ɗauke mu in wannan dogon ya sunkuya."

Ya ɗauke mu. Kafaɗata a haƙarƙarin Dogo, Tsohuwa a gaba. Shi ya fara, sannan ita. Suka bar mini ƙarshe.

Na gaishe ta. Ban jira ba. Abin da na faɗa bayan nan ba na takarda ba ne.

Mun zauna a benci rabin awa. Muka ƙara wani rabin. Mai Tabarau ya kawo mana ruwa da kansa. Da aka fara kashe fitilun ofis muka taso.

Talata, da safe

Mai hankali ba zai kunna na'urar aikawa ba a irin wannan hali. Saurare ba ya cin komai, aikawa ce mai zafi. Ta ji mu, ta ƙi amsawa don ta san aikinta. Da ni ne ma haka zan yi.

Laraba, da la'asar

Na gaya wa Dogo, in sun juya lafiyayyen lagireton ya ba rana baya, suka rage mutane a ɗaki ɗaya, za a iya jan lokaci. Ya ce, "Jan lokaci zuwa ina, Baba?" Na ce masa yaro ne shi, bai san inji ba.

Na kunna duk firjin da ke shagon, na gyararru da na jiran masu su, na zauna a tsakiya. Mai aski ya leƙo, ya ga ba aiki nake ba, ya koma shagonsa.

Juma'a, da hantsi

Ba a kira ba. Rashin kira ba labari ba ne.

Lahadi, bayan azahar

Tsohuwa ta cire labulen ɗakin ta ninke. Na ce me ya sa. Ta ce ya koɗe.

Talata, bayan magariba

Mai Tabarau ya zo gida da safe, shi da wani babba mai taurari a kafaɗa. Sun zauna a bakin kujera. Ya ce ɗigon kumbon a allonsu ya kai iyakar zafinsa, kuma tun shekaranjiya ya fara hucewa. Ya ce, "Baba, ka san abin da hucewa take nufi." Na ce tana nufin an samu mafita. Na tambaye shi da wane agogo suka auna, kuma sau nawa. Ya amsa duka da ladabi. Na ce ba a yarda da agogo ɗaya. Suka bar takarda a kan tebur, ban taɓa ta ba.

Da rana rediyon mai aski ya faɗa, da lambar kumbon da yawan mutanen, tsakanin labarin farashin mai da na ƙwallo. Na ce rediyo abin da aka ba shi yake karantawa.

Dogo ya zo da la'asar. Bai shigo shagon ba, ya tsaya a ƙofa ya tare hasken. Ya buɗe baki ya ce "Baba", na ce masa ya je ya ci abinci, matarsa ta yi magana a kan haka.

Na rufe shago na dawo. Na tarar da Tsohuwa a kicin, ta zuba abinci ta rufe, tana zaune a kan 'yar kujerar nan da Auta take hawa ta ɗauko sukari. Na fara yi mata bayani tun daga ƙofa. Na ce mutanen nan ba su gane ba, abu yana iya hucewa don an gyara shi, ni da kaina na sha ganin firjin da aka fid da rai da shi. Na faro mata daga kwalin da Auta ta zana. Ta bar ni na yi ta yi. Shekara arba'in da wani abu ba ta taɓa barina na kai ƙarshen magana ba sai yau.

Da na gama ta ce, "Malam, ba fenti ba ne. Tun ranar na sani, fuskarka ba ta iya ƙarya ba."

Na jingina da ƙofar kicin.

Ta ce, "Auta ba za ta dawo ba. Zauna."

Jami'i ya gaya mini, rediyo ya gaya mini, surukina ya zo zai gaya mini, kowa na samo masa amsa. Wadda ta gaya mini daga ƙarshe uwarta ce. Na zauna.